Rijiyar Mutanen Jirgi

A shekarun da albashi ya fara wuya a ƙasar nan, ina tuƙi ne a wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse a Garwa. Injiniyanmu wani tsohon Bajapane ne, gajere, kunnensa ɗaya ba ya ji. Faransancinsa gurgu, nawa ma haka, amma a hanyar Rai Buba mota yini take tana rarrafe, dole mutum ya yi hira.

Hirarsa ɗaya ce: jirgin ruwan yaƙin da ya yi aiki a ciki yana saurayi. Ba babba ba ne, irin masu gudun nan ne da ake sa su rakiyar manyan jirage. Da yaƙi ya juya musu baya sai aka mai da su 'yan dako, suna kai shinkafa cikin durom ga sojojin da yunwa ta tsare a tsibirai. Bam ya fasa gaban jirgin, aka ja shi gida aka gyara, aka sake turo shi. Aka sake fasa shi, aka sake liƙewa. Ni da ban taɓa ganin teku ba, sai da na gaji da jirgin nan kamar ni na tuƙa shi. A karo na ƙarshe ya rabe biyu. Waɗanda suka tsira suka yi kwanaki a kan katako, ruwa ta ko'ina amma na gishiri, ƙishirwa tana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya sa duk rijiyar da ta kawo ruwa, bokitin farko nasa ne. Sai ya koma gefe ya rusuna, yana zubawa a ƙasa yana kiran sunayensu.

Ni na nace masa har aka sa ƙauyen surukaina cikin aikin. 'Yata tana can wajen kakarta tun rasuwar uwarta, don ni a hanya nake kwana. Ruwan da suke sha na mayo ne, rafin da shanu ke tsayawa a ciki su yi abin da suka ga dama.

Ranar da ruwa ya fito, mata suka ɗauki guɗa. Tsoho ya ɗebi bokitinsa ya yi abin da ya saba, sai guɗar ta mutu. Jauro, wato mai garin, ya ja ni gefe.

"Shofa," in ji shi, don haka suke kiran direba, "wa yake kira haka?"

Na faɗa masa da Hausa, na maimaita da Fulatanci: abokansa ne da ƙishirwa ta kashe a teku.

Ya ce, "To ai ya ba su rijiyar ke nan. Mu ragowar matattu za mu sha?"

Raina ya ɓaci. Na buga famfo na sha a gabansu har cikina ya ɗaure. Liman ma ya sha, ya ce ruwa ruwa ne, babu komai a ciki sai rahamar Allah. Amma ba liman ke zuwa ɗibar ruwa ba. Na durƙusa gaban surukata na ce, "Inna, ko don yarinyar nan."

Ta ce, "Kai ka sha ka hau motarka. Mu ne za mu kwana da su."

Ban gaya wa tsohon ba. Ya koma ƙasarsu yana murna da rijiyar, mutanen ƙauyen kuwa suka kewaye ta da ƙaya.

Da damina ta yi nisa, amai da gudawa suka shiga ƙauyen. Saƙo ya same ni a Garwa, hanya ta lalace, na bar mota na hau babur. Na tarar an lulluɓe gawar 'yata da zanen kakarta. Ban yi kuka ba a lokacin, haushi ne ya cika ni, na rasa wa zan kama.

Mata suka tashi yi mata wanka, ga tulunan gidan duk jan ruwan mayo ne, rabinsa laka. Surukata ta leƙa tulu, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini bokiti ba ta dube ni ba.

"Je ka ɗebo na famfon," in ji ta. "Yanzu ai yarinyar ta zama tasu."

Da hannuna na janye ƙayar. Na buga sau kaɗan, ruwa ya zubo garau, mai sanyi, har ina ganin gindin bokitin.