Ranar da Manhaja Ta Mayar da Alhaji Rabi'u Rabi

Har gobe ban manta da ranar da manhajarmu ta mayar da Alhaji Rabi'u mace a gaban jama'a ba. Ku sababbin ma'aikata ku saurara, tunda kun dame ni da tambayar dalilin da Kabiru ke ce mini Inna Sa.

Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci a Daurawa, farkon dawowar mulkin farar hula, ina goye da autana. Hamzar da ke cikin sunana, Sa'adatu, sai da malama ta riƙe hannuna kafin na iya ɗora ta. Ban tsaya ba sai da na yi difloma a kwamfuta, na samu aiki a ofishinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, har na zama shugabar sashen bayan fage. Sashen ke nan da ke karɓar abin da mutum ya rubuta a allo ya ajiye shi a rumbun bayanai. Da yaren kwamfuta na PHP muke rubutu.

Alhaji Rabi'u, mai kantin magani a Tarauni, ya ba mu aikin manhajar kantinsa, na damƙa wa Kabiru, yana ƙaramin ma'aikaci a sashena lokacin. To, shi rumbun bayanai, in ya ga alamar hamza sai ya ɗauka magana ta ƙare, umarnin ya rushe. Kabiru ya nemi lokaci ya yi gyara na gaskiya, manajan ofishinmu ya ce a yi sauri. Sai ya yi dabara: manhaja ta riƙa yanke suna daga inda hamza take.

Da hantsi muka je nunawa. Alhaji ya gayyato amininsa, ya gyara hula, ya rubuta sunansa. Allo ya ce: "Sannu da zuwa, Rabi."

Aminin ya dafe teburin kantin don dariya. "Hajiya Rabi, ina kwana? Ya maigidan?"

Alhaji ya murtuke, ya juyo gare ni. "Hajiya, ko a kori wanda ya yi wannan, ko ku kwashe kayanku."

Na san manaja zai kora, kuma ko wata Kabiru bai yi da aure ba. Na ja kujera na rubuta nawa sunan. Allo ya ce: "Sannu da zuwa, Sa."

Na ce, "Alhaji, kai mace aka mayar da kai, ai mutum ce. Ni sa aka mayar da ni, saura a ja ni kara, kasuwar shanu. In akwai mai korar yaron nan, ni ce, kuma ban kora ba. Ka ba shi zuwa Juma'a."

Ya yi ta cije leɓe, dariyar ta ƙwace masa. "Zuwa Juma'a. Amma ki ja masa kunne."

A cikin adaidaita na ja kunnen, da hannu. "Kai Kabiru, hamzar da na sha wuya na koya za ka guntule mini?"

"Inna, wallahi na san gyaran. Lokaci aka hana ni."

"Ka samu. Manaja ka bar ni da shi."

Hanyar da sababbin fitowar PHP suka sauƙaƙa ita ya bi. Ana tura wa rumbu umarnin shi kaɗai da guraben da babu komai, sannan sunan ya biyo baya daban. Ta haka rumbu ba ya rikita suna da umarni, kuma ɓarawo ba zai cusa mugun umarni ta gurbin suna ba. Ya mayar da rumbun tsarin haruffan da ke ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ. Ya kuma rubuta gwajin da ke gudana da kansa kafin a saki kowane gyara, ya cika shi da Ma'aruf da Ɗanladi da Asma'u.

Ranar Juma'a allo ya gai da Alhaji da cikakken sunansa. Aminin ne kawai bai ji daɗi ba.

Abin da na koya shi ne, kayan aikin nan ba da sunayenmu aka auna su ba, mu ne za mu sa su iya faɗa. Kuma ma'aikaci in ya ce a ba shi lokaci, ku ji dalilinsa. Kabiru yanzu shi ne shugabanku. Ku buɗe gwajin nan ku duba, sunan farko nawa ne, da hamzarsa.