Safiyar da Fadamar Kudenda Ta Yi Tsit

Duk Asabar nakan raka maƙwabciyata, wata tsohuwar malamar makaranta da muke kira Mama, zuwa fadamar bayan Kudenda. Aikin sa kai ne. Mukan kafa raga mu kama tsuntsaye, mu sa musu zoben shaida a ƙafa, mu sake su.

Wata safiya muka tarar ko kukan kwaɗo babu. Ruwan ya yi baƙi, yana wari. Tsuntsu ɗaya muka kama, da zobenmu na bara, kuma a tafin hannuna ya mutu.

Mama ta riƙe rigata. "Ɗana, kada ka taɓa ruwan nan."

Can gaba kuwa, mata suna ɗiba suna zuba wa alayyafo.