Taɓa Hoton

Shekarun baya, wata ranar da zafin Gusau ya kore mu daga bakin titi, abokina ya ja ni cikin wani gida don mu sha inuwa. Ina shiga idona ya sauka a kan wata mata da ta ba ni baya. A jikin katako aka zana ta, da jar ƙasa da gawayi da ƙaro. Tana tsaye a bakin gulbi, mayafi ya rufe ta har ƙasa, ba a ganin komai nata sai hannun dama da ta saki a gefe, ya sha lalle da wani ɗan ado mai kama da ganyen tsamiya. A lokacin littattafan soyayya sun gama cika mini kai. Kafin in sami wurin zama har na ba ta masoyi da ya tafi fatauci bai dawo ba.

Gidan na kawun abokina ne, tsohon malamin zane daga Bungudu, kowa Baba yake ce masa. Da ya yi ritaya sai ya kama hayar wurin, ya rataye zane-zanensa, ya jera ƙore masu ado da tabarmi da tsofaffin saƙa, ya buɗe ƙofa ga duk mai son kallo. Wanda duk ya shigo, Baba ne zai zaga da shi yana ba da labari, yana nanata doka guda: a kalla da ido, kar a taɓa.

Na ba Baba labarin da na ƙirƙira a kan matar. Ya yi dariya har da tari.

"Wane fatauci, ɗana? Ga masoyin nan gabanka, gwiwa ta hana shi zuwa ko kasuwa. Uwar ɗiyana ce, Allah shi jiƙan ta. Na roƙe ta in zana fuskarta, ta ce ba ta zama namiji shi ƙare mata kallo, ko da mijinta ne. In na matsu, in zana bayanta."

Ko mai hoto ba ta taɓa yarda ya ɗauke ta ba. Wannan katakon shi ne abin da ya rage masa na kamanninta.

Gwiwar ce ta jawo aikin. Baba ya fara kasa zagayen, sai abokina ya ce da ni, "Kai da ka karanta kwamfuta kana zaman kashe wando, yi wa tsohon nan manhajar waya mana, ta riƙa zagayawa da mutane a madadinsa." Na amsa da saurina. A raina har na hango wata mai farin gilashi ta shigo kallo tana tambayar wane ne ya yi wannan aiki.

Zubin farko na cika shi da rubutu. Kowane zane na ba shi shafi guda, da taurari da hawaye da bugun zuciya. Na kai wa mahaifiyata a Tsafe ta gwada, don na san in ta iya, kowa zai iya. Ta juya wayar sama, ta juya ta ƙasa, ta miƙo mini.

"Wanga duk surutun mi ne? Ni da zan je kallo, sai a ba ni karatu?"

Na cire rubutun na sa murya, tawa, da irin Hausar masu labarai a rediyo. Ta saurara kaɗan ta ce, "Yaushe ka koma Bakano ban sani ba?" Don haka muka yanke a ɗauki muryar Baba da kansa.

Nan na san gajiya. Baba ya fi sakewa a gidansa na Bungudu, mai gwajina tana Tsafe, kayan kallo suna Gusau. Na haddace kowane rami a hanyoyin nan, da irin shirun da ke sauka a motar haya idan an shiga daji. In mun fara ɗauka sai akuya ta sa baki, ko injin niƙa ya tashi, ko batir ya mutu babu wutar caji. Wayoyin mutanenmu kuma ƙanana ne, data ba ta isa, dole na matse manhajar ta yi aiki ba intanet, na ƙanƙantar da hotunan zane-zanen har suka koma kamar kan sarkin wasiƙa. Da tawa wayar ta cika, na share manyan hotunan don muryar Baba ta sami wuri. Zanen yana nan a bango, ina zai je?

Kalma ɗaya ta fi ba mu wahala: me za a ce wa mutum ya yi da yatsarsa a kan gilashin waya? Na ce "danna", mahaifiyata ta danna kamar za ta kashe kunama. Na ce "latsa", ta ce ita tumatir take latsawa a kasuwa. Da na ce "taɓa", ta ɗora yatsa a hankali, murya ta fito. Muka yi murna. Baba ya gyara zama ya faɗa da bakinsa: "Barka da zuwa. Taɓa hoton da kake son jin labarinsa."

Ba a daɗe da sakin manhajar ba gwiwar ta kwantar da shi a Bungudu. Ba mu damu sosai ba, ai don irin haka aka yi ta. Abokina ya riƙa buɗe gidan yana zama a zaure, yana tura wa baƙi manhajar daga waya zuwa waya. Mutane suka yi ta zuwa fiye da da: ɗalibai, 'yan kasuwa, direbobin tasha, matan unguwa rukuni-rukuni. Ni kuma na kwanta ina ramuwar barci.

Wata safiya na leƙa in ga abin alfaharina. Na tarar da wata Hajiya tsaye gaban matar bakin gulbi, waya a hannun hagu, yatsar dama a kan katakon, daidai hannun lallen.

"Hajiya, don Allah ba a taɓawa!"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai wane ne? Mai gidan da kansa ya ce a taɓa hoton. Kuma sai ka ɗan goga kafin ya yi magana, ba ya jin taɓin farko."

Sai a lokacin na ji kalmar yadda kunnen kowa yake jin ta. Na waya hoto ne, na bango ma hoto ne, kuma dattijo ne ya ba da umarni. Suna goga katakon, babban yatsan ɗaya hannun yana gogar gilashi ba su sani ba, murya ta tashi, su ce ikon Allah. Da yake labarin nata duk a kan hannun yake, nan kowa yake kai yatsa. Lallen ya tafi. Sai wani wuri mai santsi da ƙyalli, launin katako.

Na gyara maganar a ranar, muka ɗaura igiya a gaban zane-zanen. Amma ranar da Baba ya samu ya dawo, ba igiyar ya kalla ba. A littattafan da na karanta, nan ne mutum yake dafe ƙirji ya zube. Shi kujera ya nema ya zauna, ya daɗe yana kallo.

"Ita da ko maƙwabci ba ta miƙa wa hannu," in ji shi. "Ga shi duk Gusau sun gaisa da ita."

Abokina ya ce, "Kawu, ai sai ka sake zana shi."

Ya ɗaga hannunsa muka ga yadda yake rawa. "Ko wanga ya tsaya, adon ya ɓace mini. Kullum ina ganin shi, shi ya sa ban riƙe shi ba."

Na buɗe manhajar da sauri na faɗaɗa hoton. Ɗigo ne ja, ba ganye ba reshe. Ya dafa kafaɗata ya ce in bar shi haka, ni da shi duka mun gaji.

Har yau wannan sana'ar nake yi, kuma ba na sakin kalma sai na tsaya a inda mai amfani da ita zai tsaya, na ga me ke gaban idonsa. Mai farin gilashin ba ta zo ba. Labaran soyayya kuma na rage ƙirƙira wa mutane, don nasu na gaskiya ya fi nawa nauyi.

Baba ya rufe gidan daga baya, ya kwashe kayansa ya koma Bungudu. Bara na je gaishe shi, na tarar idonsa ya tafi gaba ɗaya. Katakon yana jingine a gefen shimfiɗarsa. Muna cikin hira ya miƙa hannu, yatsunsa suka bi ta kan kaushin jar ƙasa suna lalube, har suka isa wurin nan mai santsi suka tsaya.

"Ka gani?" ya ce. "Ko'ina ɗaya ne a hannuna, sai nan. Da ba su goge shi ba, da yanzu ban san inda hannunta yake ba."

Bai ɗauke yatsunsa ba har na yi masa sallama.