Ranar da Na So In Yi wa Zanen Oga Kofi Wuya

Wata Juma'a ce da hantsi, a daminar da katafila ta fara cin dajin bayan gonarmu a Jiwa, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Na dawo daga ɗiban ciyawar awaki, na tarar gidanmu ya yi tsit, har Inna ta bar taɓarya a tsaye cikin turmi. Kowa ya zuba wa igiyar shanya ido. Oga Kofi, birkila mutumin Gana da Baba ya ba ɗakin zaure, ya fito da wani zane ya shanya don ya sha iska. Wallahi na zaci wuta ce ta kama igiyar. Ga ruwan gwal, ga kore, ga ja kamar gauta, falle-falle sirara, kowane faɗin tafin hannu, an harhaɗa su, kuma babu fallen da ya yi kama da ɗan'uwansa. Na saki ciyawa, awaki suka yi ta ci a kan ƙafata ban sani ba.

A lokacin ginin sabon birni ya kwaso mana duniya har ƙofar gida. Ni da na tsaya a aji uku, aji ukun ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi, a bakin hanya na yi karatun ƙasashe. Mukan zauna muna ɗanar tarkon gafiya muna kallon masu wucewa. Ga Buzu mai gadin siminti, ya naɗe fuska da baƙin rawani mai ƙyalli har shuni ya rina masa kumatu, ko shayi zai sha sai ya kai kofin ta ƙarƙashi, don a wurinsu abin kunya ne babba ya buɗe baki a gaban mutane. Ga Bayarabe ɗan kwangila da agbadarsa, babbar rigar nan tasu mai nauyi, yana tattare hannu yana saki kamar shaho zai tashi. Matan Tibi da zanensu mai ratsin baƙi da fari, 'yan Sanagal da doguwar shadda mai ƙara in suna tafiya. Inna takan ce, "Allah mai halitta, kowa da irin fatar da ya ƙara wa kansa."

Amma na Oga Kofi ya fi tsaya mini a rai. Kente sunansa. Ya ce jibi Lahadi za a yi sunan ɗansa na fari, shi zai sa. Na zagaya zanen nan sau uku, ban ga wuya ba, ban ga hannu ba, balle aljihu. A garinmu kuwa namiji ba ya fita taro da zane, sai in wanka za shi. Sai tausayi ya kama ni. Na ce bawan Allah baƙo ne, bai san tela ba, za a yi masa dariya ranar suna. Da ya tafi aiki na naɗe zanen, na nufi shagon Kawu Sale, ƙanen Inna, na shirga masa ƙarya cewa Oga Kofi ya ce a fitar masa da babbar riga kafin jibi. Kawu ya daɗe yana shafa shi, ya ce, "Kai ɗan nema, ka tabbata?" Na rantse. Ya ninka, ya yi bisimilla, almakashi ya shiga kamar taƙi guda.

Allah ya kawo Baba Tanko, tsohon masaƙi ɗan Gbagyi maƙwabcinmu, ya zo karɓar zare. Ya daka tsawa, ya riƙe hannun Kawu. Shi ya gaya mana irin wannan yafa shi ake yi, ba a yanka shi. Da yamma Oga Kofi ya dawo ya ga ɓarna. Na gama shirin shan duka, amma bai ko dube ni ba. Ya zauna a dakali, ya ɗora zanen a cinya, ya ce da Hausarsa ta koyo, "Kakana ya saƙa ta. Babana ya yafa, ni na yafa. Yanzu me zan ba yarona?" Ƙato mai ɗaukar bulo biyu a hannu ɗaya, sai ga hawaye. Dukan da Babanmu ya yi mini daga baya bai kai wannan zafi ba.

Baba Tanko ya duba ya ce falle ɗaya ne ya mutu. Ya warware ɗinkin a hankali ya cire shi, ya auna da tafinsa, ya hau masaƙarsa a gindin tsamiya. Ba shi da zaren gwal, sai shuɗi mai duhu irin na mutanensa. Aka ɗaure ni da riƙe masa zare wuni guda, shi ne hukuncina.

Ranar Lahadi Oga Kofi ya fito. Ya yafa zanen ta kafaɗar hagu, ta dama a buɗe, gezar tana lilo, yana taku ɗaya-ɗaya. Birkilan da na saba gani da siminti har gira, sai ga shi kamar sarki. Buzu ya miƙe tsaye. Shuɗin fallen nan ya ratsa tsakiyar gwal kamar rafi a cikin gonar gero. Oga Kofi ya tsaya a gabana, ya kama kunnena ya ja kaɗan, ya ce, "Tela, zan gaya wa jikana wannan layi daga Jiwa ta zo."

Yau ina aske furanni a wani gida a Maitama. Baƙi daga ƙasashe suna wucewa cikin motoci masu baƙin gilashi, kusan kowa da kwat iri ɗaya, ba ka gane ɗan ina ne sai ya yi magana. Tsamiyar Baba Tanko ta zama shagon cajin waya. Amma in ana biki a ofishin jakadanci, aka fito da kayan gado, sai in ajiye almakashina in leƙa ta katanga. Duk kenten da ya gifta, har yanzu shuɗin falle nake nema a jikinsa.