Daga Badarawa zuwa Kinkinau Saboda Ƙwayar Hadiza

Na fita daga gidana a Badarawa ranar Asabar, ana sallame sallar asuba. Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ta tsabtace gari, kuma a zamanin soja duk wanda ƙarfe bakwai ta yi masa a kan titi ya shiga uku.

Ga abin da ya fitar da ni. Ƙanwata Hadiza an yi mata tiyatar haihuwa wata shida da suka wuce, ɗan bai zo da rai ba. Likita ya ce kada ta sake ɗaukar ciki sai bayan shekara biyu, in ba haka ba mahaifa za ta iya fashewa. Aka ɗora ta a kan ƙwayar tazarar haihuwa. Mijinta direban tirela ne, yakan yi sati uku a hanyar Ikko. Ranar Juma'a da yamma ta zo gaishe ni, muna tsinke zogale, sai ta ce wai kati ɗaya ya kai ta wata uku.

Na ce, "Katin wata ɗaya? Yaya aka yi?"

Ta ce, "Yaya, ai sai ya dawo nake sha. In ba ya gari, asarar me zan yi?"

Tiren zogalen ya suɓuce daga hannuna.

Unguwar Kanawa

A ƙafa na taka, domin babu mota. Na sami Hadiza tana wanke-wanke, hankalinta kwance. Na ce ta ɗauko mayafi da katin ƙwayar. Ta fara cewa maigidan ya koma jiya, ba ta nemi izini ba. Na ce in ya dawo ni zan amsa. Muka nufi ƙaramin asibitin da aka ba ta ƙwayar. Mai gadi ya ce ba za a buɗe ba sai Litinin, amma Sista Rakiya, wadda ke duba mata, tana zaune a Kinkinau, bayan injin niƙa.

Hadiza ta ce, "To mu bari sai Litinin ɗin mana."

Na ja hannunta muka nufi titi.

Hanyar Babbar Kasuwa

Da ƙyar muka sami wata tsohuwar bas, ƙofarta ɗaure da igiya. Direban ya ninka kuɗin mota, ya ce, "Hajiya, in soja suka tare mu, ban san ku ba, ba ku san ni ba." Kafin mu kai kasuwa, ƙarfe bakwai ta buga. Ya taka burki, ya ce kowa ya sauka, ya shige wani lungu da motarsa.

Ba mu yi nisa ba wani soja da duba-gari biyu suka tsare mu. Na ce asibiti za mu. Sojan ya dubi Hadiza sama da ƙasa, ya ce, "Wannan ce marar lafiyar? Ta fi ni ƙiba." Yaya zan yi in gaya wa namiji baƙo abin da ke tafe da mu? Suka miƙa mana tsintsiya. Ni da na aurar da 'ya'ya biyu, na share bakin kwata har ƙarfe goma. Da aka sake mu muka sayi ƙosai muka ci a tsaye, muka hau bas ta Tudun Wada mai kai mu Kinkinau.

Kinkinau

Mun sami Sista Rakiya tana shanya. Ta karɓi katin, ta juya shi, ta dubi Hadiza.

Ta ce, "Ke, ƙwayar nan ba turaren tarbar miji ba ce. Kullum ake sha, yana nan ko ba ya nan. Yaushe ya dawo?"

Hadiza ta sunkuyar da kai. "Laraba da dare."

Sista ta lissafa da yatsu, ta ce, "Allah ya so ku. Akwai abin da ake yi, amma cikin kwana uku ne kawai. Da kun bari sai Litinin, sai dai in taya ku addu'a."

Na zauna a kan turmi. Ban taɓa jin akwai irin wannan magani ba. Na tambaye ta ko zubar da ciki ne, don in shi ne ba da ni ba. Ta ce a'a, hana shi shiga yake yi, wanda ya riga ya shiga ba ya fitar da shi. Ta ba Hadiza wasu ƙwayoyi ta sha nan take, ta ƙulle sauran a takarda, a sha bayan awa goma sha biyu. Ta ce zai tayar da zuciya, in ta yi amai mu dawo. Ta kuma ce ba tabbas ba ne, sai an ga al'ada.

A nan ne Hadiza ta fara kuka. Sai a lokacin ta gane.

Komawa Badarawa

Ban mayar da ita Unguwar Kanawa ba. Gidana na kawo ta, mun iso ana kiran azahar, da dare kuma da hannuna na ba ta kashi na biyu. Ta kwana tana yamutsa fuska, amma ba ta yi amai ba. Ina godiya ga Sista Rakiya, Allah ya saka mata da alheri, har da mai gadin da ya yi mana kwatance.

Sati biyu na yi ba na jin daɗin abinci. Ran nan da la'asar Hadiza ta shigo, na shimfiɗa mata darduma mu yi salla. Ta naɗe ta, ta ce, "Yaya, yi taki. Ni ina fashin salla."

Ban tsaya tayar da kabbara ba, sai da na fara yin sujadar godiya.