Mai Lemo a Tashar Television

Larai na jiran motar Kamazou a tashar unguwar Television, idonta na kan wani dattijo mai sayar da lemo. Rigarsa tsaf, amma hannunsa na hagu tabon ƙuna ne har gwiwar hannu. Taya ta fashe a titi, babu wanda ya ko waiga, shi kuwa wuƙar feren lemon ta suɓuce masa.

Nan take ta shirya masa labari a ranta: rikicin bara, gida na ci da wuta, ya koma ciki ɗauko yara. Sai ta lura labarin marigayi mijinta take yafa wa baƙo, sai dai shi wannan ya fito da rai.

"Baba, fere min ɗaya," ta ce. Tabon kuwa ba ta tambaya ba.