Ranar da Na Rufe wa Yaya Muryar Inna

Inna ba ta taɓa kulle ɗaki ba muddin akwai baƙo a gida. Ko sito ne, ko ɗakin da take ajiye zannuwanta, sai dai ta ja ƙofa ta bar kwaɗo a rataye. A wurinta, wanda ya murza makulli a gaban baƙo ya kira shi ɓarawo ke nan, ko da bai buɗe baki ba. Da wannan muka tashi, ni da 'yar kawuna da Inna ta riƙe tun tana ƙarama, wadda nake kira Yaya.

Da Inna ta rasu, na tattara saƙonnin muryar da take turo mana a waya, na zuba su a folda ɗaya cikin kwamfutar falo. Ba wani abu ba ne a cikinsu: faɗa kan mun bar yara ba mai a jiki, yadda ake jiƙa dawa, sai addu'a mai tsawo a ƙarshe. Amma su kaɗai suka rage mini.

Ni malamar kwamfuta ce a wata sakandare a nan Kontagora, don haka ni ke da iko da rautar gidanmu, wato 'yar na'urar da ke raba mana intanet. Kwamfutar kuma tana da nata mai tsaro da ake ce wa fayawol, wanda ke tare duk na'urar da ta nemi shiga cikinta. Na kashe shi tuntuni don yana hana firinta aiki. Da maigidana ya tambaye ni ko ba haɗari, na ce masa rauta ta isa, ita ce mai gadin ƙofar gida, abin da ba mu kira ba daga waje ba ya shigowa. Gaskiya na faɗa masa. Abin da ban ƙara ba shi ne, rauta ba ruwanta da wanda ya riga ya shigo tsakar gida.

Sai ga Yaya daga Kasuwan Garba, ita da 'ya'yanta biyu. Tana aiki a wani ƙaramin asibiti a can, kuma 'yan bindiga sun matsa wa yankin lamba har barci ya gagara. Ta zo da jaka biyu da wata tsohuwar laftof da aka ɗaure murfinta da salatif. Na ba ta ruwa, na ba ta ɗaki, na ba ta lambar sirrin waifai. Na kuma buɗe mata foldar Inna ta yadda za ta iya saurare daga laftof ɗinta. Kullum bayan la'asar sai ta zauna a baranda tana tsince wake, Inna na ta faɗa daga cinyarta, ita kuwa tana amsawa, "To, Inna, mun ji." A lokacin ne kawai nake ganin kafaɗunta sun sauka.

Wata rana ta ce in duba mata wani rahoto da ya ƙi buɗewa. Ina ɗaga murfin laftof ɗin sai na ga ɓarna. Foldoji sun rikiɗe, tagogi na buɗe kansu a allo, bairos ya yi gida ya hayayyafa. Ba mamaki, duk filashin kwasar fayil da ya ratsa asibitinsu sai ya kwana a jikinta. Ga shi kuma laftof ɗin tana manne da kwamfutata, ƙofa a wangale.

Ni mai baki ce. Ɗalibaina sun sani, maigidana ma ya fi su sani. Amma in dubi Yaya, wadda ta goya ni, wadda ta baro gidanta a guje, in ce mata kayanki na ɗauke da cuta, sai harshena ya yi nauyi. Na rufe laftof ɗin na ce zan duba daga baya. Tana shiga kicin na je falo, na kunna fayawol, na rufe hanyar da sauran na'urorin gidan ke bi su shiga kwamfutar. Ban ɗauki lokacin da ake ɗauka a wanke kofi ba.

Da la'asar ta zauna da farantin wakenta. Ina jin ta tana danne-danne.

"Auta, Inna ba ta magana yau."

"Ina jin sabis ne, Yaya."

Ta dubi allon, ta dube ni. Yaya tana aiki da kwamfuta a asibiti, ta san bambancin rashin sabis da saƙon da ke cewa ba ki da izinin shiga. A wayar ɗanta kuma bidiyo na ta gudu ba ko tsayawa.

"To," ta ce, ta ci gaba da tsince wake.

Ba ta sake tambaya ba. Ta daina ɗaukar abu a sito sai ta yi sallama ta nemi izini. Ta fara sayo sabulunta. Na ga duk wannan, kuma kowace safiya ina cewa yau zan zaunar da ita in yi mata bayani, in wanke mata laftof, in mayar mata da Inna. Kunyar ƙaryar da na yi ta fi ta farko nauyi, sai na yi ta ɗagawa. Maigidana ya ce, "Ki faɗa mata mana, ai ba laifi kika yi ba." Na hau shi da faɗa kamar shi ya kunna fayawol ɗin.

Ba a jima ba ta ce za ta koma, wai asibiti na nemanta, wai an ce gari ya lafa. Duk mun san bai lafa ba. Na roƙe ta, ta ce gida gida ne. Da ƙyar ta yarda ta bar mana yaran saboda makaranta.

A tasha, direba na ɗaure kaya a bayan mota, na miƙa mata memori da na kwafe mata saƙonnin Inna duka a kai. Abin da ya kamata in yi tun ranar farko ke nan. Ta juya shi a tafin hannunta, ta mayar mini.

"Ajiye shi a wurinki, Auta. Kada in sa a laftof ɗina ya lalace."

Ashe ta sani. Ba fushi a muryarta, kuma da ma fushin ta yi da na fi samun sauƙi.

Har yau in ɗalibi ya tambaye ni ko kwamfutar da ke bayan rauta na bukatar fayawol, ina ce masa e, ya kunna, don ba duk haɗari ke zuwa daga waje ba. Amsar daidai ce. Saƙonnin Inna suna nan lafiya lau, ko ɗaya bai taɓu ba. Yaya kuwa tana Kasuwan Garba, kuma duk ranar da na kira wayarta ba ta shiga ba, ba na iya cin abinci sai ta kira.